Saurayina da Saitin Talabijin ɗin Baba

Ku gyara zama, don abin da ya faru a gidanmu ranar Lahadin nan ko aminiyata ban ba wa labarinsa ba tukuna. Ku ne na farko.

Ga waɗanda yau suka fara biyo ni, sunana Bo-ram, ina aiki a shagon tabarau a birnin Daegu, kuma na haura talatin. Shekarun nan nawa su ne ciwon kan Mama. Duk bikin da ta je sai ta dawo da hoton ɗan wata a jaka, yau likitan haƙori, gobe ma'aikacin gwamnati, har da wani mai sanƙo da ta ce wai sanƙon arziki ne. Ni kuwa ina da nawa, Pyo Gi-tae. Aikinsa gwajin gem. Kamfani ke biyansa ya zauna ya buga gem ɗin da ba a fitar kasuwa ba, ya gano inda yake da matsala. Ranar da na gaya wa Mama sai da ta nemi kujera.

"Wato wasa yake yi."

"Aiki ne, Mama."

"To ai jikan maƙwabciyarmu ma ma'aikaci ne ke nan, ba mu sani ba."

Mama dai baki ne, hukunci yana hannun Baba. Shi kuwa cewa ya yi, "Ya zo in gan shi sau ɗaya. In bai kwanta min ba, kada ki sake kawo min maganarsa." Baba ba ya magana biyu. Yayata ta taɓa kawo wani da bai kwanta masa ba, har yau ko sunansa ba a ambata a gidan. Kun ga ke nan dama ɗaya ce tal a hannunmu.

Baba ya ƙare ƙuruciyarsa a masana'antar allon talabijin a Gumi. Aikinsa shi ne ya ƙura wa allo ido a ɗaki mai duhu, ya nemo ɗigo ɗaya da ya mutu a cikin miliyoyi. Da ya yi ritaya sai ya sayo talabijin da ta cinye bangon falonmu gaba ɗaya, mijin yayata kuma ya kawo masa na'urar gem don ya ga iyakar kyan hotonta. Daga kallon hoto sai ga dattijo ya faɗa wani gem na takobi, na zamanin sarakuna. Rimot ɗin talabijin ɗin nan a leda yake kwana. Mama in za ta kalli wasan kwaikwayonta ɗaki take shiga, wajen ƙaramar.

Tun da safe na fara aika wa Gi-tae saƙo, ko in ce Oppa, yadda budurwa ke kiran saurayinta a nan.

"Oppa, safa mai kyau."

"Na sa."

"Turo hoto."

Ya turo. Baƙa ce, babu huji, babu zanen dodo. Na sauke ajiyar zuciya.

"Ban da maganar gem. Musamman ban da maganar sittin."

"Ko shekarun Baba aka tambaye ni ba zan ce sittin ba."

Ku bar ganin ya mayar da abin raha, cuta ce da shi. Gem ɗin na'ura irin ta Baba yakan ba mutum zaɓi biyu. Ko dai ka zaɓi kyan hoto, komai ya fito garau har gashin gira, amma hoto talatin kawai na'urar ke iya jerowa a sakan guda. Ko kuma ka zaɓi santsin motsi, hoton ya ɗan rage kaifi, amma ta jero sittin. A wajen Gi-tae, talatin tamkar gudu ne a cikin taɓo. Ranar da muka fara fita cin abinci, bayanin nan ya yi min har taliyarsa ta huce ta kumbura, ni kuma ina kallon yadda kunnensa ke ja in ya ɗau zafi. A nan na faɗa sonsa, ku yi min uzuri.

Da azahar ya iso. Kwat mai ruwan bula, lakataye ruwan goro da ni na zaɓa masa, akwatin fiya a hannu ɗaya, ɗaurin naman sa cikin ƙyallen siliki a ɗayan. Ni kuma doguwar riga ruwan madara na sa, da 'yar suwaita a kai, da ɗankunnen Mama don ta ji daɗi. Ya cire takalmi ya jera su, ya shiga falo ya yi gaisuwar manya, goshi har ƙasa.

"Baba, na same ku lafiya?"

"Ni na haife ka?"

Kunnen nan ya yi ja. Mama ta ce, "Haba, Baban Bo-ram, bari yaro ya zauna."

Aka zauna cin abinci. Mama ta yi rawar gani duk da ba ta so: haƙarƙarin sa da ya dahu har ƙashi na zamewa, taliyar dankali, kifi gasasshe, da kimchi, wato kabeji mai tsami da yaji, kala uku. Baba yana ci yana jefo tambaya ba tare da ya ɗago ba. Ina asalinku? Kai ne babba? Ka yi aikin soja? A wane sansani? Gi-tae yana amsawa ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kan aiki sai Mama ta karɓe.

"To in ka tsufa fa? Ana fansho a wasa?"

"Ana yi, Mama."

"Kujera dai kake zaune yini guda. Bayanka lafiya?"

"Lafiya ƙalau."

"Ka ƙara nama. Ka rame kamar sandar rake."

A raina na ce Mama ta fara saukowa, don ba ta ɗura wa wanda ta tsana nama. Baba ne dai fuskar nan kamar ƙofar banki ranar hutu.

Bayan an kwashe kwanuka ana yanka fiya, na ga idon Baba yana zuwa kan talabijin yana dawowa. Lokacin gem ɗinsa ya yi, kuma baƙo bai isa ya hana ba. Can ya yi gyaran murya.

"An ce da wasa kake cin abinci. Matso ka ga hoto, irin wanda ba ku da shi a ofis."

Ya zare rimot daga leda ya kunna. Gaskiya ko ni da ban damu ba sai da na buɗe baki. Dajin gora, ruwan sama na sauka, kowane ganye da ɗigon ruwansa. A tsakiyar wata gada wani janar ne tsaye cikin sulke baƙi, takobinsa ya kai tsawon ƙofa.

"Ka ga wannan ɗan banzan," in ji Baba. "Tun furanni ba su fito ba yake kashe ni."

Ya shiga. Janar ya ɗaga takobi, Baba ya kauce, amma bayan sara ya riga ya sauka. Ya sake shiga, aka sake kwantar da shi. Na saci kallon Gi-tae. Ya dafe gwiwoyinsa da hannu biyu, leɓensa na motsi, kamar likitan da aka ɗaure aka ajiye a gaban majinyaci. Na zare masa ido. Ya haɗiye maganarsa.

Sai Mama ta yi kira daga baranda, wai Baba ya zo ya sauko mata da tulun giyar saiwar ginsin daga saman kanta, hannunta bai kai ba. Baba ya tsayar da gem, ya miƙa wa Gi-tae hannun gem ɗin, abin da ake dannawa.

"Riƙe min. Kada ka matsa ko taku ɗaya."

Jama'a, bai matsa ko taku ɗaya ba. Amma mutumin da kullum safiya aikinsa ke nan, da ya karɓi hannun gem abu na farko ya shiga saiti, yatsunsa ba sa neman izinin kansa. A kan idona babban yatsansa ya yi tsalle, ƙis ƙis ƙis, allon ya ɗan ƙifta, ya dawo dajin gora. Sai a lokacin ya kalli hannunsa kamar na wani ne aka ara masa.

"Me ka yi?" na ce cikin raɗa.

"Na mayar da shi sittin."

"Ka me?"

"Ban sani ba, hannuna ne."

"Mayar da shi yadda yake, yanzun nan."

Ina. Ga ƙarar silifas ɗin Baba a bakin falo. Ya dire tulu, ya karɓi abinsa, ya zauna yana murza wuya. Ni kuwa na fara tunanin wane ne ya fi dama tsakanin mai sanƙo da likitan haƙori.

Baba ya shiga gada. Janar ya ɗaga takobi, Baba ya kauce, sara ya sauka a banza. Ya sake ɗagawa, Baba ya tare, ƙarfe ya yi tartsatsi. Dattijon nan ya miƙe daga kujera bai sani ba, ya durƙusa a gaban tebur, kafaɗunsa na bin kowane sara. "Zo mana. Zo, ɗan nema." Mama ta fito da faranti ta tsaya cak. Sara ɗaya, biyu, sai ga janar ya zube a gwiwa, hularsa ta gangara cikin kogi.

"Na kashe shi!"

Tunda nake ban taɓa ganin Baba ya yi tsalle ba sai ranar. Ya kama Mama ya juya da ita har fiya ta zube, tana ta "Sake ni, tsohon banza, akwai baƙo." Ya juyo ya daki kafaɗar Gi-tae.

"Ƙafarka da sa'a, yaro. Ka ga amfanin hoto mai kaifi? Yau har tashin takobin nake gani tun daga kafaɗa. Ku yaran yanzu ba ku san darajar hoto ba."

Na jawo waya ƙarƙashin tebur.

"Ka yi shiru. Ka yi murmushi. Ka ci fiya."

Wayarsa ta yi motsi a aljihu, ya leƙa, ya rubuto.

"Ba zan iya ba."

"Za ka iya. Aurenmu ne."

"Yabon ba na gaskiya ba ne."

"Ka karɓa haka nan, ni ma hodar fuskata ba ta gaskiya ba ce."

Kafin ya amsa, Baba ya buɗe durowa ya ɗauko gilashin ƙara girma, wanda ya yi aiki da shi a masana'anta, mai igiya baƙa da ta sha hannu. Wai zai nuna wa baƙo yadda ɗigon allo na ƙwarai yake jeruwa. Ya kara gilashin a kan wani ganyen gora, ya rufe ido ɗaya. Ya daɗe a haka. Ya matsa kan wani ganyen. Sannan ya ja baya a hankali, murmushin nan ya tafi.

"Bakin ganyen nan ya yi laushi. Jiya ba haka yake ba." Ya juyo. "Wa ya taɓa min saiti?"

"Ni ce, Baba."

"Ke da ba ki san inda ake kunna ta ba."

Gi-tae ya sauko daga kujera ya durƙusa, hannu biyu a kan cinya. "Ni ne. Ku gafarce ni. Na cire shi daga kyan hoto na mayar da shi santsin motsi. Ban yi niyya ba, sabo ne, amma ni na yi."

Mama ta dafe ƙirji. Baba ya ajiye gilashin a kan tebur, a hankali ƙwarai, wanda a gidanmu ya fi tsawa ban tsoro.

"Yau ka fara shigowa gidana. Ka ci abincina. Ka rage min hoto."

"Haka ne."

"Dalili?"

Na rufe ido. Na san sittin ɗin nan za ta fito, kuma ta fito.

"Tsakanin ɗaga takobin janar da saukarsa, ƙiftawar ido ce. A saitinku na da, hotuna kaɗan na'urar ke nuna muku a cikin wannan ƙiftawar, kuma in kun danna sai ta ɗan jinkirta kafin ta nuna. A wannan, ninki biyu take nunawa. Na kalli hannunku ɗazu, Baba. A kan lokaci kuke dannawa. Labarin ne yake iso muku a makare."

Baba ya kalli tafin hannunsa, ya juya shi.

"Ka ce a kan lokaci nake dannawa?"

"Kusan kowane karo."

Sai Mama, da ba ta iya riƙe magana, ta ce, "To ka ji. Mutum ya bi ya ishe ni, wai hannunsa ya mutu, tsufa ya zo. Kullum yana murza gyaɗar dutse a tafi don motsa yatsu, kamar mai jan carbi. Har wajen mai maganin gargajiya na tsira allura ya je a ɓoye, yana zaton ban sani ba."

"Ke, wa ya tambaye ki?"

Ni ban san da wannan ba. Na dubi Baba, mutumin da ko ciwon kai ba ya faɗa.

Amma Baba ba a saye shi da daɗin baki. Ya zauna ya ce, "Mayar da nawa." Gi-tae ya mayar, ya nuna masa inda ake sake yaƙin da aka riga aka ci. Baba ya shiga, janar ya kwantar da shi. "Sa naka." Ya shiga, ya ci. "Nawa." Ya faɗi. "Naka." Ya ci, har da sauran rai mai yawa. Ya ajiye hannun gem, ya harɗe hannuwa.

"Sau ɗaya ba gwaji ba ne," ya ce.

"Haka muke cewa a ofis. In matsala ba ta maimaitu ba, ba a kai rahotonta."

Baba ya ɗago. "Kuna kai rahoto?"

"Kullum. Sai masu ƙera gem ɗin su ce ƙarya ne, a wajensu lafiya yake."

"Su ce idonka ne."

"Su ce na'urata ce."

"Haka injiniyoyi suka yi min shekara da shekaru." Baba ya buga cinya. "In nuna musu ɗigo matacce, su ce ƙura ce. Ƙura! Sai na kamo mutum da hannu na kara masa gilashi. Ashe kai ma mai neman aibi ne."

"Shi ne sana'ar, Baba."

Wannan karon bai tambaye shi wa ya haife shi ba. Na lura, Mama ma ta lura, muka haɗa ido.

"To tashi daga durƙuson nan, ka ba ni nawa saitin. Saura kai."

Aka mayar da kyan hoto. Baba ya tsallake gadar da jaruminsa, a karo na farko, amma bai yi gaba ba. Ya juya ya tsaya a jikin makarin gadar, ya matso da hoton kusa.

"Ka taɓa buga gem ɗin nan?"

"Na gama shi sau biyu."

"Mene ne wannan?"

Gi-tae ya matso, ya ƙanƙance ido. A jikin itacen da ruwa ya jiƙa, wani ɗan mitsitsin dodon koɗi ne yake hawa, da ƙahonninsa biyu, da sawun yauƙinsa yana sheƙi a baya.

"Ban taɓa ganinsa ba."

"Ina za ka gan shi, kana gudu? Ni da nake mutuwa a nan kullum, mun saba da shi. Wani ne ya zauna ya zana wannan, ya san ba kowa zai tsaya ba, kuma bai yi ha'inci ba. In ka rage hoto, sawun nan narkewa yake yi. Gwada ka gani."

Ya gwada. Dodon koɗin yana nan, amma sheƙin sawun ya dushe ya zama ɗan tabo. Gi-tae ya mayar da shi da kansa, ba a ce masa ba, ya zauna yana kallo kamar an nuna masa jariri.

"Wajen yaƙi dai sittin," ya ce a hankali.

"Ka ji ɗan taurin kai. Wajen yaƙi na ba ka. Amma da an sauke takobi a dawo min da hotona."

"In ana sukuwa a kan doki fa?"

"Nawa."

"Baba, doki gudu yake."

"A cikin furanni yake gudun."

Suka sa musu, har da nuna allo da yatsa. Mama ta tsugunna tana tsince fiya daga ƙasa tana cewa, "Da ɗaya nake fama, yanzu sun zama biyu." Amma dariya take ƙunshewa, na gan ta.

Baba ya jawo tulu ya buɗe, ƙamshin ginsin ya cika falo. Ya ɗauki ƙaramin kofi ya miƙa, idonsa yana kan allo, kamar ba wani abu ba.

"Pyo-sobang, karɓi."

Ku da kuka san gidajenmu kun san mijin 'ya kaɗai ake kira haka. Gi-tae ya karɓa da hannu biyu, ya juya gefe ya shanye, har giya ta ɗiga a kan lakatayen da na zaɓa. Ni kuwa na ruga kicin, na buɗe firji na cusa kaina ciki don kada a ji ihuna. Mama ta biyo ni, waya a kunne, har ta kira ƙanwarta.

"Eh, ma'aikacin kamfani ne. Ɓangaren duba inganci, irin na Babansu. Dogo ne, sai dai a ƙara masa ƙiba."

Da za mu tafi, Mama ta cika masa jaka da kimchi da sauran haƙarƙari. Baba ya rako mu har bakin lifta, abin da ko mijin yayata bai samu ba a zuwan farko.

"Ka gaya wa iyayenka, Lahadi mai zuwa mu haɗu mu ci abinci, a tsayar da magana. Ni ba na son jan abu. Kuma ka zo da wuri, an ce akwai wata damisa a gaba a gem ɗin."

"To, Baba."

Ƙofar lifta ta rufe. Na daka tsalle na rataye a wuyansa, jakar kimchi na dukan ƙafata. Sai na ji jikinsa a sandare. Na ja baya na dube shi. Kunnen da ke ja ya koma fari fat.

"Oppa, lafiya? Mun ci fa."

"Bo-ram, akwai wata 'yar matsala."

"Wace iri?"

"Na ce sai na ga yadda za ta kaya da Babanki kafin in tayar da hankalin gida. Mamata ba ta san da ke ba."

"To yau sai ta sani."

"Ta riga ta haɗa ni da 'yar ƙawarta. Malamar makaranta. An kama tebur a otal." Ya haɗiyi yawu. "Lahadi mai zuwa."

Lifta ta tsaya a ƙasa, ƙofa ta buɗe, babu wanda ya motsa a cikinmu. Sai wayarsa ta fara ruri a aljihun kwat. Ya ciro, muka kalli allon tare. Mamarsa ce.

Ya ɗaga yatsa zai kashe. Na zare wayar daga hannunsa, na gyara ɗankunnena, na danna kore.

"Mama, barka da yamma. Sunana Bo-ram."